Awa Ɗaya ta Sirajo

Ranar da Zara'u ta fara ganin Sirajo, ba ta yi sha'awar komai nasa ba sai wuyansa, don ta shaƙe.

Ita ke amsa tarho a biro, wato ofishin koperatif ɗin manoman wake na Mayahi. Shi ne ma'aikacin da aka ɗauko daga Tasawa ya haɗa musu sababbin tarhuna. Wata guda bayan nan, dirakta ya duba rajistar kira, ya ga kullum kiranta na ƙarshe ƙarfe huɗu ne, alhali biyar ake tashi. Ya ce ƙarshen wata ta nemi wani aikin. Bai lura cewa rajistar ta nuna tana isowa tun ƙarfe bakwai ba. Dirakta ne.

"Malam, mi ka yi wa tarhunan nan?" ta tambayi Sirajo.

"Hajiya, tarho bai san lokaci ba. Ta rezo, wato layin sadarwa, yake tambayar wata na'ura, ita kuma ta ba shi lokacin Landan. Sai a ƙara awa ɗaya ya zama namu."

"Wa ke ƙarawa?"

Sirajo ya duƙar da kai yana kallon takalminsa.

"To, ka gaya wa dirakta. A rubuce."

"Zai ƙwace kwangilar."

"Allah ya sa ya haɗa da babur ɗinka."

Ya gyara agogon a minti biyu, takardar kuwa ta ci masa kwana uku. Dirakta ya karanta, ya bar Zara'u a kujerarta, ya kori Sirajo.

Da yamma saƙo ya shigo mata: "An kore ni. Kin huce?"

Ta amsa: "Saura, Malam Awa Ɗaya."

"Yaushe za ki huce?"

"Tambayi rezo."

Haka suka yi wata biyar suna zagin juna, har kowa ya gane abin da ke nan, ban da su.

Da Sirajo ya nemi aurenta, mahaifinta, Malam Abbas na garin Cake, ya ƙi. Akwai Hisham, ƙanen dirakta, mai agogon zinare, shi ma yana nemanta.

"Mutumin da ya ɓatar da awa guda cur, shi zan ba ɗiyata? To, su zo Asabar da ƙarfe biyu, in gani."

Hisham ya iso ƙarfe uku da rabi. Sirajo kuwa tun ƙarfe ɗaya yana ƙofar gida, rana na gasa shi.

Zara'u ta leƙo. "Yanzu kuma ƙarawa ka yi ko ragewa?"

"Awar da na ɗauke miki ce na kawo, Zara'una."

"Wawa," ta ce a hankali, ta aje masa ruwan sanyi.

Ana gobe ɗaurin aure ta rubuta masa: "Sha ɗaya na Nijar, ba na Landan ba."

Ƙarfe goma liman ya same shi zaune a tabarma. Aka shafa fatiha. Malam Abbas ya duba inuwar bango, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Agogon gida dai a bar shi hannun amarya."