Tikitin Lilon Jidda

“Ka sake mayar da ranar gaba, Uzair,” in ji Mubina.

A kan matakalar gidansu a unguwar Misfala ta Makka muke. Tana zaune daga sama, ina tsaye daga ƙasa, ƙofar falo a buɗe don Mamanta ta riƙa jin motsinmu. Na zaro tikitin nan biyu daga aljihu, duk sun yi laushi saboda yawan taɓawa. Na tambaye ta zuwa yaushe. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Jami’a ba ta ba Malam, mahaifinta, takardar kammala karatunsa ba, ba a sa musu ranar jirgi ba, ni kuma maganar ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana nan inda take.

Raina ya ɓaci. Na ce mutumin da ke tagar sayar da tikiti har ya haddace fuskata, da ya hango ni yake fara dariya.

“To ka yaga su mana,” ta ce. “Ni na ce ka saya?”

Ba ita ta ce ba. Abin da ta taɓa faɗa mini kawai shi ne, ranar da suka sauka Jidda daga Kano tana yarinya, ta hango wani ƙaton lilo mai siffar taya a bakin teku, yana ɗaga mutane sama yana sauke su. Tun daga nan take son hawansa. Mahaifinta, Malam Mukhtaru, mutum ne na littafi, daga jami’a sai Harami, bai taɓa kai su ba. Da dattawan unguwarmu suka je neman aurenta aka karɓe su, na hau mota na tafi Jidda na sayi tikitin bikin da ake yi a wurin duk Alhamis da Laraba. Ranakun iyalai ne, ba a barin saurayi ya shiga shi kaɗai. Na yi niyyar ya zama wuri na farko da zan tsaya a ƙofa in ce wannan matata ce.

Ni a unguwar Tandabawi, nan cikin Makka, aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, amma har yau da ikama muke zaune kamar baƙi. Na bar makaranta da wuri don zama wuri guda ba ya yi mini. Na tura keken tsofaffi a Harami, na sayar da casbaha, na gyara waya, yanzu ina lodin kayan alhazai a tashar Kudai. Abin da aka rubuta a ikamata shi ne lebura, kuma lebura ba shi da ikon riƙe mata a ƙarƙashin takardarsa. Don a canja sana’ar sai da shaidar karatu. Shaidar da na tafi na bari a aji.

Malam bai ƙi ni ba. Ya zaunar da ni ya ce ranar da karatunsa ya ƙare, ikamar iyalinsa ta ƙare. Ba zai bar ’yarsa a Makka tana ɓuya duk lokacin da ta ga motar jami’an fasfo ba, ta haihu ’ya’yan su rasa takarda. Ko dai in gyara ikama a ɗaura aure a nan, ko in bi su Kano a ɗaura a can, in zauna.

Duk sanda kafilina, wanda ikamata take ƙarƙashin sunansa, ya ce in dawo mako mai zuwa, sai ɗaurin aure ya matsa, ni kuma in hau mota zuwa Jidda in matsar da tikiti. A zuwan da na yi bayan rigimarmu ta matakala, mai tagar, wani dattijo ɗan Sudan, ya kalle ni ta saman tabarau ya tambaya ko amaryar da ƙafa take tahowa daga Najeriya. Na yi dariyar dole. Ya ce ya riga ya wuce ƙa’ida saboda ni, wannan ne canji na ƙarshe, in zaɓi rana da kyau. Na zaɓi Alhamis ta bayan ƙaramar salla.

Da na dawo gida na tarar da Ummi, mahaifiyata Hajara, zaune a tsakiyar matakalar dutsen da ke hawa zuwa gidanmu, da galan ɗin zamzam a gefenta. Ciwon suga ya cinye mata ƙafa, hawan ya gagare ta. Na goya ta na ƙarasa da ita. Ni kaɗai gare ta tun da aka binne Abba.

Tana bayana ta ce ta ji duk abin da Malam ya faɗa.

“Ka bi su, ya waladi. Maƙwabta na nan.”

Na ce in na fita fitar ƙarshe, ba lallai in sake samun hanyar dawowa ba. Ta ce ta sani. Na ce to mu tafi tare. Da muka kai ƙofa ta ce ita ba ta san kowa a Kano ba, mijinta da iyayenta duk a ƙasar nan suke kwance. Ina jin hawayenta a wuyana.

Ana saura kwanaki salla kafilina ya faɗa mini gaskiya, babu shaida babu canji, magana ta ƙare. A makon ne kuma aka ba Malam takardarsa, aka sa musu jirgi ranar Laraba, gobenta Alhamis ɗin tikitina.

Na je Misfala. An ɗaure littattafai a kwalaye har bakin ƙofa. Mubina ta fito, idonta a kumbure.

“Ka ce za ka zo,” ta ce. “Ko ba yanzu ba... ka dai ce, zan jira.”

“Habibti, Ummi ba ta iya hawa gida.”

“Na sani.”

“In na ce miki zan zo, matsar da rana zan yi ta yi, kamar tikitin nan. Ba zan yi miki haka ba.”

Ta rufe fuska da gefen mayafinta. Na jima a tsaye, sannan na nemi iso wurin Malam. Na roƙe shi abu ɗaya: tunda jirginsu sai bayan isha’i, ya biya da ita bakin teku kafin filin jirgi. Na zaci zai ce wasan yara ne. Ya daɗe yana kallon tikitin, ya ce ashe tana so, shi bai taɓa sani ba.

Da na koma Jidda, mai tagar ya fara girgiza kai tun kafin in ƙaraso. Na ce ba gaba nake so ya kai ba, baya zai dawo mini da shi, zuwa Laraba. Ya dubi fuskata, bai yi tsokana ba, ya buga hatimi.

Ranar Laraba bayan la’asar muka isa, kayansu a saman mota. Malam ya ƙaro tikiti biyu, nasa da na Mama, ya ce mu shiga gaba ɗaya. Mubina na gefen Mamanta, ba ta ɗago ba. A ƙofa mai gadi ya tare ni da hannu, ya tambayi Malam ko ni ɗansa ne.

Malam bai taɓa yin ƙarya a gabana ba. Na ga leɓensa na motsi, ya dube ni, ya dubi ’yarsa.

“Ba ɗana ba ne,” ya ce. “Na so ya zama.”

Mai gadin ya ce iyalai kaɗai. Na ja da baya da kaina, na ce su shiga, lokaci na tafiya. Mubina ta juyo ta dube ni. Mama ta riƙe hannunta suka wuce.

Na tsallaka titi na jingina da katangar bakin teku, inda ake ganin lilon sosai. Mai tagar ya leƙo daga tsallake ya nuna tikitin da ke hannuna, yana tambaya da hannu ko a sa wata rana. Na girgiza kai.

Lilon ya fara juyawa. Kujerun suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowace cike da mata cikin baƙar abaya, daga nesa duk iri ɗaya. Na yi ta zuba ido, na kasa gane wadda take ciki. Sai na ɗaga hannu, ina yi wa kowace kujera da ta kai sama, don kada tata ta wuce ta ga hannuna a ƙasa.