Famfon Gatan Talaka

Na gaji da jin ana cewa ciwo ne kawai ya shiga gidan Gatan Talaka. Wane irin ciwo? Da ƙafarsa ya je ya sayo masifarsa.

Ɗan siyasa ne mai dogon buri, amma in ya hau dandamali jama'a sai hamma. Da ya gaji da shan kaye, wata rana tsaka ya bi lungun bayan tsohuwar majema, wurin wani boka.

Ɗakin ba taga, sai ƙarnin jini da hayaƙi. An shanya harsunan dabbobi a igiya daga bango zuwa bango, sun bushe sun yi baƙi ƙirin. A tsakar ɗaki an kifa wata tukunya, wani abu yana numfashi a ƙarƙashinta. Bokan ko ɗago kai bai yi ba.

"Kujera kake so," in ji shi, "da abin da ake ci a kanta."

"So nake in yi magana su yarda. Faɗi kuɗinka."

"Riƙe abinka. Mai tukunya alkawari yake ci. Duk abin da ka ce za ka yi wa jama'a, ka yi. Wanda ka bari, zai zo ya ɗauki madadinsa."

"A ina?"

"Inda ya samu."

Gatan Talaka ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Baba, alkawarin siyasa? Ko mu masu yinsa ba ma tunawa."

"Shi yana tunawa. Buɗe bakinka."

Bokan ya tsinko harshe ɗaya, ya tsoma a jini, ya ɗora a kan harshen Gatan Talaka, ya ce ya haɗiye. Numfashin tukunya ya tsaya cak.

Daga ranar, ko tari ya yi sai an tafa. Ya zagi manya a kan dandamali, da yamma ya ci abinci da su. Ya yi mana alkawarin asibiti da makaranta da ruwan famfo, muka yi ta ihu har muryarmu ta dushe. Ya hau kujera, benaye suka tashi, motoci suka cika gida. Filin asibiti kuwa awaki ke kiwo a ciki.

Matarsa aka fara ɗauka. Ɗan zazzaɓi ne, aka yi ta yawo da ita ƙasashe, likitoci suka ce ba su ga komai ba, ta dawo a akwati. Ba a gama karɓar gaisuwa ba babban ɗansa, mai karatun lauya, ya wayi gari bai san harafi ko ɗaya ba. Ya zauna tsakar falo yana yaga littattafansa yana taunawa, har aka ɗaure shi.

Saura autarsa, wadda duk duniya ita kaɗai yake so tsakani da Allah. Ƙishirwa ta kama ta. Tana sha tana kukan ruwa, leɓenta ya tsattsage. A nan ya gane. Ya ruga wurin boka.

"Me zan yanka?"

"Ba yanka. Ka ba su ruwansu."

Ya kira ƙanin matarsa, wanda yake ba duk kwangilolinsa, ya riƙe hannunsa yana hawaye.

"Ka haƙa rijiyar nan, ta gaskiya. Ka ji ni? Ta gaskiya!"

"An gama, Yaya. Kwantar da hankalinka."

To, wane aiki ne bai ce a yi na gaskiya ba? Ƙanin ya ɗauka irin maganar da aka saba ce. Ya cire rabonsa ya sayar da kwangilar, wanda ya saya ya yanki nasa ya miƙa gaba. Kafin ta isa hannun mai haƙa, abin da ya rage tanki da fenti kawai zai saya. Ranar buɗewa suka kira motar ruwa da sassafe ta cika tankin, ba rijiya a ƙasa. Wannan dabara kuwa Gatan Talaka ne ya koya musu tun shekararsa ta farko.

Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, muka tafa. Da ya koma gida, yarinyar ta tashi zaune, ta ce, "Baba, na ƙoshi." Ya yi sujada yana kuka. Mata suka yi layi da bokitai suna sa masa albarka, kowane bokiti yana rage tankin. Da ɗigon ƙarshe ya faɗi, yarinyar ta cika, kofi cike a hannunta.

Yanzu Gatan Talaka yana can gindin famfon, ba riga, yana murɗawa yana roƙon masu wucewa su tafa. Benayen, abokan cinsa sun raba.

Ku masu kwaɗayin kujera, ku ji da kyau: ɓarayin da kuka horar ba za su zama mutanen kirki ba don yau 'yarku ce a kwance. Mu kuma masu tafi, haushinmu ya fi ci mini rai. Ƙanin matar nan ya fito takara bana. Jiya na ga taronsa, ba wurin sa ƙafa, ruwan famfo yake mana alkawari.