Takalman Aro da Curin Kaki

A can wani zamani an yi wani tsohon majemi mai wasu dogayen takalma. Shi ya jeme fatarsu da bagaruwa, ya yi ta shayar da ita kakin zuma har ta ƙoshi. Rannan wani manomi maƙwabcinsa ya zo aronsu, zai ratsa daji mai ƙaya ya dubo mahaifiyarsa da ke kwance.

Tsohon ya miƙa masa su da ɗan curin kaki, ya ce, "Ɗana, in sun jiƙe kada ka taka su, kada su ga wuta, tsagewa za su yi. Inuwa da iska, sannan kaki."

A hanyar dawowa ruwan sama ya jiƙa manomin sharkaf. Ya fake a rumfar wani maƙeri. Maƙerin ya ce, "Kawo su bakin wuta, yanzu su bushe."

Manomin ya ce, "Inuwa da iska, sannan kaki."

Ya rataya su a wuya, ya ratsa dajin ba takalmi. A bakin gari wata mai tuyar ƙosai ta ce, "Bawan Allah, ga murhu."

Ya ce, "Inuwa da iska, sannan kaki."

Da suka bushe, ya murza musu kaki da tafin hannu har suka yi laushi, suka ɗau sheƙi. Ya mayar da su yana ɗingishi.

Tsohon ya shinshina takalman, bai ji ƙaurin wuta ba, ya dubi ƙafafun manomin da suka sha ƙaya. Sai ya turo masa su, ya ce, "Ni tafiyata ta ƙare, ɗana. Na daɗe ina neman wanda zan bar wa su."