Rigar Da Ta Aurar Da Unguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu sauraro.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru da ita.

An yi wata tela a wani lungu da ke bayan kasuwa. Tun da ta sayi keken ɗinki sunanta na yanka ya ɓace, babba da yaro Anti Tela suke ce mata. Mijinta mai gyaran wutar lantarki ne, abokai suka yi ta tsokanarsa da Injiniya har sunan ya bi shi. Gyaran waya ne ya kai shi shagonta tun tana budurwa, aikin da bai taka kara ya karya ba, amma ya yi ta jan shi: yau ya manta filaya, gobe ya manta tef. Da aurensu ya tashi, shi da kansa ya zaga kasuwa ya zaɓo mata yadi shuɗi mai zaren azurfa, ita kuma ta ɗinka rigar da hannunta. Suka tare a gida ɗaya da mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai tsabta da kaifin harshe.

Wata safiya suna shan shayi a tsakar gida, sai ga yayar Injiniya, wadda ake kira Yaya Babba, ta shigo tana sallama da ƙarfi.

"Anti Tela, wurinki na zo. 'Yata ta kafe sai dizayin rigar aurenki take so. Ɗauko mini in kai wa telana ya gani."

Anti Tela ta ajiye kofi a hankali.

"Yaya, ai zan iya zana miki a takarda."

"Takarda? Ni rigar nake so in taɓa!"

Kafin a ce kwabo ta shige ɗaki ta buɗe akwati. Ta fito tana tafa hannu.

"Inna, zo ki ga ikon Allah! Akwati wayam! Rigar da ƙanena ya yi gumi ya saya ta yi fiffike!"

Injiniya ya dubi matarsa yana murmushi, don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ta sunkuyar da kai, murmushin ya gushe.

"Tana ina?" in ji shi.

"Tana wurin wata. Yau za a dawo da ita."

Nan ta faɗa musu gaskiya. Shekarun baya wata yarinya marainiya ta zo shagonta tana kuka, aurenta ya matso, ba ta da abin da za ta sa ta fita cikin mutane. Anti Tela ta rage mata rigar daidai jikinta, ta sauya wuya da hannu don kada kowa ya gane, ta ba ta aro. Daga nan ya zama mata aiki. Duk amaryar da hannun iyayenta bai kai ba, sai ta warware rigar ta sake mata sitayil. Wani lokaci ta ɗora mata leshi, wani lokaci ta lulluɓe ta da farin yadi mai shara-shara. Ta ƙara da mayafai da takalma da ta tara a ƙarƙashin teburin yanka. Kowace amarya kuwa alkawari ɗaya Anti Tela take yi mata: bakina da naki, ko mijina ba zai ji sunanki ba.

Yaya Babba ta kwashe da dariya.

"Labarin ƙanzon kurege! Sayar da ita kika yi, ko haya kike bayarwa kina ɓoye wa ƙanena. In gaskiya ne, faɗi sunan amarya ɗaya tak mu je mu tambaya."

"Ba zan iya ba, Yaya."

Inna ta gyara zama. "Ke 'yar nan, ni ce na tambaye ki yanzu. Wa ke riƙe da rigar?"

Anti Tela ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Inna, ki gafarce ni. In na faɗa, gobe dangin mijinta za su ji cewa da kayan aro ta shigo musu. Gorin ba zai bar ta ba har ta tsufa."

"Au, mutuncin bare ya fi maganata ke nan? To, ki ji da kyau. Matar da ke da ɗakin da uwar mijinta ba ta isa ta leƙa ba, ba ta zama mini a gida. Ko suna, ko ki je gidanku ki huta."

Injiniya ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Fitar nan tasa ta fi wa Anti Tela ciwo a kan dukan maganganun Yaya.

Ta wuni a shago ba ta iya zura zare a allura ba. Sunan yana bakinta, kalma ɗaya ce, ta faɗa ta zauna lafiya a ɗakinta. Amma duk sanda ta yi niyya sai ta tuna fuskar yarinyar a gaban madubi, tana juyi tana cewa, "Anti, yanzu ni ce wannan?" Da la'asar wata dattijuwa ta ajiye ƙunshi a kan tebur ta wuce kamar mai kawo ɗinki. Bayanta kaɗan Injiniya ya shigo.

Ya kwance ƙunshin da kansa. Ya ɗaga rigar, ya ga wuyan ba shi ba ne, hannun ma ba shi ba ne.

"Almakashi kika sa wa rigar aurenmu?" in ji shi. "Kin san shago nawa na shiga kafin in sami wannan shuɗin? Ko ni ban cancanci ki gaya mini ba?"

"Ka cancanta. Nan kam na yi kuskure, ka yafe mini. Tsoro na ji kada ka hana, ga yarinya na kuka a gabana. Amma suna, ko za ka kai ni gidanmu yanzu, ba zan faɗa ba."

Ya zauna a kan benci, ya juya cikin rigar waje. A gefen kabu ya ga layukan hudar allura jere, wani can ciki, wani can baki, inda aka yi ta ragewa ana ƙarawa. Ya bi su da yatsa ya daɗe. Can ya kai layin ƙarshe na bakin yadi, sai dariya ta ƙwace masa.

"Kai! Wannan amaryar kam ba ta wasa da abinci."

Anti Tela ta yi dariya cikin kuka.

"Share hawayenki," in ji shi. "Tashi mu je wurin Inna."

A gaban mahaifiyarsa ya cire hula ya durƙusa.

"Inna, ban taɓa tsallake maganarki ba, yau ma roƙo na zo yi. Wallahi da ta faɗi sunan nan, ni ne zan fara jin tsoronta. Wadda ta yarda ta rasa ɗakinta don ta rufa asirin bare, asirina da naki yana hannu mai kyau. Ki bar mini matata."

"An shanye shi!" in ji Yaya Babba.

Inna ta kau da kai. "Ta zauna, tunda ka zaɓa. Amma tsakanina da ita sai gaisuwa."

Haka aka yi. Anti Tela ta gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ta share mata ɗaki, Inna ta sake sharewa. Yaya Babba kuwa ta baza magana a dangi, har in an hango Injiniya a taro sai a riƙa ƙus-ƙus. Shi ko a jikinsa. Ya ma ja wa matarsa wuta mai haske a kan teburin yanka, ya sayo ƙaton madubi ya kafa a bayan labule, bai taɓa tambayar wa zai duba ba. Ita kuma ta ci gaba da haƙuri, ta ci gaba da aikinta.

Ana nan, sai ga shugabar ƙungiyar matan unguwa ta zo shago. Tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata.

"Anti Tela, bana za mu karrama matan da ke yi wa jama'a hidima. Akwai ungozoma, akwai mai koyar da manya karatu, akwai ke."

"Ni? Malama, wa ya gaya miki?"

"Ke kaɗai kika iya riƙe baki?" Malama ta yi dariya. "Sai dai ƙa'idarmu, kowacce takan zo da wanda ya amfana ya yi shaida."

"To, a ba wata. Ba zan tsayar da kowa a gaban jama'a ba."

"Na san haka za ki ce. Ki dai zo, ki zo da surukarki. Na aika mata gayyata ta musamman."

Ranar taro ɗakin makarantar ya cika maƙil. Inna ta zo don kunyar Malama, Yaya Babba kuwa ta zo kallo, ta zauna a gaba. Aka kira ungozoma, iyaye suka ɗaga jarirai aka yi tafi. Aka kira mai koyar da karatu, wata kaka ta karanta sunanta a allo aka yi tafi. Sannan Malama ta kira Anti Tela, ta bayyana aikinta, ta ce wannan karon babu mai shaida, domin aikin na rufin asiri ne.

"Ba shaida?" Muryar Yaya Babba ta cika ɗakin ba tare da lasifika ba. "Ashe kowa ma zai iya cewa ya yi a ba shi lambar yabo!"

Anti Tela tana tsaye a gaban jama'a. Ta hango Injiniya a bakin ƙofa, ya gyaɗa mata kai.

Sai wata mata mai goyo ta miƙe daga baya.

"Ni ce shaida. Ni marainiya ce. A rigarta aka kai ni ɗakin mijina, ga shi can zaune, yau ya fara ji. Ba ta taɓa ko kallona da ido biyu a hanya ba."

Mijin ya miƙe ya tsaya kusa da ita. Kafin a yi tafi, wata ma'aikaciyar jinya ta zabura.

"Tsaya! Shuɗiyar? Mai zaren azurfa? Ai na ɗauka ni kaɗai ce!"

"Ke ma?" in ji wata daga gefe. "Lallai! Ni da na zo bikinki har na ce dizayinki ya fi nawa!"

Dariya ta ɓarke. Mata suka yi ta miƙewa, nan ɗaya, can biyu, masu ciki da masu goyo, suna nuna juna suna riƙe baki. Ashe kowacce ta je wurin Malama a ɓoye ta ce a karrama Anti Tela, kowacce tana zaton sirrinta ne ita kaɗai. Wata mai jiki ta ɗaga hannu ta ce, "Ni ce na kusa yaga ta!" Injiniya ya riƙe ciki, har hularsa ta faɗi. Yaya Babba ta nemi inda za ta sa fuskarta ta rasa.

Ana cikin haka Inna ta dogara sandarta ta miƙe. Aka buɗe mata hanya har gaba. Malama ta miƙa mata makirufo, ta ture shi.

"Muryata ta isa. Ku saurara, 'ya'yana. Ni ma da kayan aro aka yi aurena. Ina zaune a tsakiyar dangin mijina, mai kayan ta ɗago murya ta ce, 'Amarya, a kula da zanen nan, kada a zuba masa mai, nawa ne.' Gashina ya yi fari, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige." Ta juya ga surukarta. "Da na sami irinki a ranar, da ban ɗauki wannan ciwon ba. Na nemi ki yi wa wata abin da aka yi mini, kika ƙi. Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ki yafe wa tsohuwa."

Anti Tela ta durƙusa, Inna ta ɗago ta ta rungume. Da aka kawo lambar yabon, Inna ta karɓe daga hannun Malama.

"Ni zan ba ta. Tawa ce!"

Ɗakin ya ɗauki tafi kamar rufin zai tashi. Yaya Babba ta matso a sanyaye ta ce, "Ƙanwata, bakina ya yi gaba, hankalina na baya." Anti Tela ta kama hannunta ta ce komai ya wuce. Injiniya kuwa ya bi layi yana gaya wa duk wanda ya tsaya, "Ni na zaɓo yadin fa! A rubuta, ni na zaɓo!"

To, kun ji. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma mafi daɗinsa wanda bai bar wa mai karɓa kunya ba. Wanda ya rufa asirin wani, Allah ba Ya barin nasa a waje. Miji kuma ya san matarsa tun kafin duniya ta tafa mata, don yarda bayan an ga shaida kowa ma ya iya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya faɗa kwandon zare, mai nema ya warware.