Masuncin da Ya Zuba Ruwa a Jirgi

A wani zamani, a bakin wani tafki, akwai masunci mai tsohon jirgin alminiyam da ke yoyo. Ya shafa kwalta, ruwa ya shiga. Ya ƙara kwalta, ruwa ya shiga. Kullum kwarfar ruwa yake yi maimakon su, yara kuwa suna kwana ba kifi.

Wata rana ya tarar da mahaifiyarsa ta cika tsohuwar tukunya da ruwa, ta ɗaga sama tana leƙen gindinta.

Ya ce, "Inna, me kike nema?"

Ta ce, "Inda take yoyo mana. In ban cika ta ba, yaya zan gani?"

Sai ya ja jirginsa tudu, ya ɗora a kan duwatsu, ya yi ta zuba ruwa ciki. Masunta suka fashe da dariya, suka ce, "Kowa na kwarfewa, kai kana zubawa!"

Ya kwanta ƙarƙashin jirgin, ya jira, ya jira. Can sai ɗigo ya faɗo masa a hanci, daga wata 'yar ƙusa da ta saki, inda bai taɓa shafa kwalta ba.

Ya yi murmushi, ya ce, "Ashe ke ce!" Ya ɗauko guduma.