Ranar Da Stanimir Ya Kashe Kyandir

Tun da safe Nevena take tsaye a kicin tana soya kifi, hannu ɗaya riƙe da cokali, ɗayan dafe da mara. Yau ce slava, ranar waliyyin gidan mijinta, kuma a ƙauyenmu ko mutuwa za ka yi a irin wannan rana, sai ka jira baƙi su ci su tafi.

Surukarta, Vukosava, ta leƙo.

"Ke 'yar nan, ɗamarar tana jikinki?"

"Tana nan, Mama."

"To kar ki kwance. Daga gidan sufaye na karɓo ta, an tofa mata addu'a. Wata ma ta ɗaura, yanzu ga ta da tagwaye!"

Nevena ta ci gaba da juya kifinta. Shekaru ke nan ƙari yana girma a mahaifarta, jini kuwa ya ƙi ɗaukewa. An taɓa yi mata aiki aka cire ƙarin, ya dawo da 'yan'uwansa. A sikanin na ƙarshe likita ta ce babu sauran dabara, mahaifar za a cire, kuma kada a ja lokaci. Tsohuwa na jin haka ta ɗora hannu a ka, don Stanimir, mijin Nevena, shi ne kaɗai ɗanta, kyandir ɗin slava kuwa daga hannun uba yake zuwa hannun ɗa. In babu ɗa, kyandir ɗin gida ya mutu ke nan. Sai Nevena ta ce a ɗaga tiyatar zuwa bazara. Ba wai ta yarda da ɗamarar ba ne — mijinta take so, tana kuma tsoron ranar da zai gaji da ita.

Da rana ta yi, falo ya cika maƙil. Firist, limamin coci, ya yanka burodi, an kunna dogon kyandir. Stanimir yana tsaye yana zuba wa baƙi abin sha, don mai gida ba ya zama, ba ya kuma barin gida, muddin kyandir yana ci. Jin shiru kifi bai fito ba, ya nufi kicin.

A ƙasa ya same ta, ta jingina da firji, leɓɓanta sun yi fari fat.

"Nevena! Me nake gani haka?"

"Jiri ne kawai. Rufe ƙofa kar baƙi su gani."

"Jiri? Dubi siket ɗinki, dubi ƙasan nan!"

"Don Allah ka bari yamma ta yi a kashe kyandir tukuna. Ka san abin da mutane za su ce..."

Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya koma falo, ya ɗebi ruwan inabi a cokali, don ba a hure kyandir ɗin slava da baki. Ya ɗiga a kan wutar — fus! Falo ya yi tsit.

"Kai yaro, ka bugu ne?" in ji kawunsa Radoje, loma a baki.

Vukosava ta saki tire. "Stanimir! Da rana tsaka? Kyandir ɗin ubanka da kakanka?"

"Mama, kakin zuma ne da zare, gobe ma ana sayar da shi a coci. Matata fa, a wane shago zan samo wata?"

Ya ɗauko Nevena cak, ya ratsa baƙi da ita zuwa mota. Kowa ya kau da kai don kunya.

A asibitin birni sai da aka yi mata ƙarin jini kafin a shiga da ita tiyata. Da ta farfaɗo, ta gan shi a kujera, idanunsa jajur.

"Sun cire?"

"Sun cire."

Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne. "To shi ke nan. Kai da sauran ƙuruciyarka, ka nemi wadda za ta..."

"Ke, yi mini shiru! Mahaifa na aura ko Nevena? Na gaji, kin gaji, bari mu huta haka nan."

Tsohuwa ba ta zo ba sai bayan 'yan kwanaki. Ta shigo tana jan ƙafa, da kwanon miyar kaza a ɗaure cikin tawul, ta zauna a bakin gado.

"Ni na wanke kicin ɗin. Bokiti bayan bokiti, ruwan bai daina ja ba. Ashe haka kike zubarwa? Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, Mama. Ba ki ji ba ne."

Vukosava ta fashe da kuka irin na wadda ta san ta yi laifi.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Haƙuri da mutane abu ne mai kyau, shi ya riƙe wa Nevena aurenta. Amma ciwo ba a yi masa kara, ba a jinkirta asibiti don bakin dangi. Ku kuma samari, wadda take raye a gabanku ta fi ɗan da ba a haifa ba.

Tsohuwa ta share ido, ta ɗebi miya, ta hura.

"Buɗe baki, ɗiyata. Ke da ɗana kuka rage mini, ba zan yi wasa da ke ba."