Ƙofar Barandar Sharafaddeen

Tun damina ƙofar gilas ta barandar Sharafaddeen, a Lafia, ta daina kulluwa. Ya ƙi kiran mai gyara, don kada wani namiji ya ga matarsa Juwairiya. Bayan isha'i ya tsuguna a waje, ya share yashin da ya toshe layin da ake jan ƙofar a kai, ya ɗiga mai. Makullin ya ƙi kamawa.

"Ɗaga ta kaɗan, malam," in ji wata murya. "Harshen makullin bai kai ramin ba."

Ya ɗaga, makullin ya kama. Sannan ya lura daga cikin falo muryar ta fito.

"Juwairiya, na gyara," in ji muryar, yanzu irin tasa sak.

"Sannu da aiki, maigida," ta amsa da fara'a, ta saki labule, Sharafaddeen yana waje.